Ranar da Mai Walda Ya Koma Gida da Rana

Mugun hali ne mutum ya san kowane ƙarfe na shagonsa, amma bai san halin da gidansa ke ciki ba. Haka wani mai walda yake. A shago yake ci, a shago yake kwana. Ko ranar auren 'yarsa ƙanensa ya tura, wai yana da ƙofofi goma da zai haɗa.

Ran nan aka ɗauke wuta, ya rasa abin yi, ya nufi gida da tsakar rana, guntun rodi a hannunsa. Yana ɗaga labule sai ga wani ƙato ya rungumo matarsa daga kan gado.

"Kai, ɗan iska! A ɗakina?"

"Baba, tsaya ka ji..."

"Ubanka yana can gidanku!"

Ya sauke masa rodin a kafaɗa, ya ƙara masa a fuska. Jini ya wanke bango, matar ta suɓuce ta faɗi tim a kan siminti.

'Yarsa ta shigo a guje ta riƙe rodin tana ihu: "Baba, za ka kashe min miji! Wata bakwai Mama ba ta iya takawa, shi ke ɗaukarta zuwa asibiti. Sau nawa na aika maka?"

To, ga abin da ya girba: suruki ya rasa ido ɗaya, matar ta karye a ƙugu, 'yar ta ce ba ta da uba. Shago an garƙame shi, mai shi kuma ɗaurin shekara huɗu.