Awa Uku Zuwa Ƙololuwa

Wayar ta kama Chikako a maƙogwaro tana gangarowa da gudu. Keken ya wuce shi kaɗai, ita ta faɗi da baya, jini na tsartuwa a kan ganyen gora. An ɗaure wayar ne tsakanin itatuwa biyu, daidai wuyan mai keke.

Ita ce shugabar masu kekunan lantarki, waɗanda suka shekara biyu suna roƙon a bar su su riƙa bin tsohuwar hanyar dutsen. A wani ƙauye da ke gindin dutsen suke. Jaridu dai ba su kula su ba, sai Anzai na gidan talabijin. Shi ma shugabansa ya gaya masa taron ƙauyawa ba ya tara masu kallo: ya kawo labari mai zafi, ko a ba wani kujerarsa.

Anzai ya riga motar asibiti isa wurin. Da safar hannu ya riƙe kyamara, duk da zafin da ake yi.

Da yamma tashar ta maimaita tsohuwar hirarsa da Kuwahara mai saran gora. "Hanyar kakanninmu ce," in ji tsohon, "ba ta masu babur ɗin ƙarya ba. Duk wanda ya hau, ni da shi!"

Washegari Tetsuro, ƙanin Chikako, ya sami Kuwahara a lambu, sarƙar keke a hannunsa.

"Tsohon banza, ina ka ɓoye sauran wayar?"

"Haba ɗana, da wane hannun?" Ya ɗaga yatsunsa da ciwo ya kanannaɗe. "Baki kawai gare ni. Ko maɓallin rigata ba na iya sawa."

Sarƙar ta fasa masa goshi, ta karya muƙamuƙi. Ya faɗi cikin kunyar albasa, Tetsuro ya bi haƙarƙarinsa da takalmi har biyu suka karye. A gadon asibiti 'yan sanda suka tsare tsohon. Chikako ta rayu, amma muryarta ta tafi.

Ranar da za a kai tsohon kotu, Anzai ya yi hira da wani mahayi daga cikin masu kekunan a gindin dutsen, ƙarƙashin allon da ke cewa: Zuwa ƙololuwa, awa uku. Da aka kashe kyamara ya tambaya a hankali, "Ran nan ƙarfe takwas kuka tashi. Yaya aka yi tara saura Chikako ta riga ta juyo?"

Mahayin ya yi dariya. "Ɗan jarida ke nan! Awa ukun na masu dogara sanda ne. Mu minti arba'in ya ishe mu."

Anzai ya koma bayan mota, ya cire safar, ya zuba wa tafin hannunsa ido, inda wayar ta yanke shi. Da lissafin allon nan ya ɗaure ta, yana ganin yana da har sha ɗaya ya ɗauki hoton wayar ya kwance ta.