Takardu Uku a Ƙarƙashin Ƙofa

Tun da Musaddiq ya zauna a zauren su Khairat na Ƙofar Wambai, ba ta daina murza bakin mayafinta ba. Saura sati uku bikinsu. Jiya yayarta ta je auna labule a gidan da ya kama a Gwallameji, ta tarar an yanke wuta, ga takardun kuɗin wata uku zube a ƙarƙashin ƙofa.

Ta ajiye su gabansa, kusa da turaren da ya kawo mata.

"Mantuwa ce kawai, Khairat. Wallahi kuɗin suna nan."

"Na sani. Shi ya hana ni sukuni." Ta ɗago ido, ta sake sunkuyar da kai. "Babanmu ma ba rashi gare shi ba. Amma na taso ina ganin Umma tana leƙen titi duk ƙarshen wata, kar masu tsani su zo yanke waya."

Ya zaro katin bankinsa ya tura gabanta.

Da yatsa ɗaya ta mayar masa.

"Miji nake nema, ba aikin ma'aji ba. Je ka biya da kanka, ka kawo mini rasit. Turaren zai jira."