Tela da Kek ɗin Mazarƙwaila

Kai da kake cewa jiran minti goma ɓata lokaci ne, gyara zama ka ji abin da ya sami wani tela. Matarsa ta tafi wankan jego gidan iyayenta a wani gari, ta bar masa yara uku da dogon gargaɗi. Mako uku cur yaran ba su sa uwarsu a ido ba. Sai wani maƙwabcinsa mai mota ya ce ranar Asabar zai bi ta garin, in sun shirya da an sallame la'asar zai rage musu hanya, amma fa shi ba ya jiran kowa. Ƙaramar yarinyar, wadda jariri ya ƙwace wa sarautar auta, tun hantsi ta sa kayanta na sallah ta zauna bakin ƙofa da takalmi a ƙafa. Babbar kuwa, 'yar shekara goma sha ɗaya, ta ce ba za a je wa Umma hannu rabbana ba. A yi mata kek ɗin nan da take so, na bota da mazarƙwaila, mai ɗan danƙo a ciki, wanda ake yankawa kamar sabulu. Tela ya ce ai wannan ƙaramin alhaki ne. Mutumin da ke fitar da riga goma ranar jajiberin sallah, kek ne zai gagare shi? Can cikin ransa kuma so yake matar ta ga gida bai rushe ba don ba ta nan.

Bayan azahar aka hura gawayi, aka ɗora babbar tukunya da yashi a cikinta ya yi ta ɗaukar zafi, don gidan ba su da na'urar gashi. Yaron tsakiya ya tankaɗe fulawa, rabi a kwano, rabi a girarsa. Ƙaramar aka ba ta shafa bota a faranti, tana shafa ɗaya tana lasar biyu. Tela da kansa ya narka bota da dakakkiyar mazarƙwaila, yana juyawa har ta yi ja tana tafarfasa, ƙamshi ya tsallake katanga. Ya sauke, ya kai hannu ga ƙwai. Babbar ta ce, "Baba, Umma bari take ya huce tukuna, sai ta iya tsoma yatsa ta ƙirga goma." Tela ya ɗaga kai ya dubi agogon bango ya ce, "Ummanku ba mota take jira ba." Ya fasa ƙwai uku a jere ya antaya. Ji kake cuuu! Kafin ya laluɓo muciya ƙwan ya soyu, ya yi curi-curi fari da rawaya yana iyo cikin zaƙi. Ya juya, ya buga, har da tacewa a rariya, amma abin da ya dahu ya dahu. Ya ɗiba ya kai baki, ya ɗaure fuska ya ce haka ake yi a manyan otal-otal. Yara suka zuba masa ido. Da ya watsa wa kaji, zakara ya karkata kai ya duba da ido ɗaya, ya yi gaba abinsa.

Ƙwai ke nan ya ƙare a gidan. Mai shagon unguwa ya kulle ya tafi ɗaurin aure, dole tela ya saɓa hula ya nufi bakin titi. Yana can yana zaɓen ƙwai aka kira la'asar, aka sallame. Mai mota ya tsaya ƙofar gida, ya danna ham sau uku, ya ga yara babu uba, ya ja motarsa. Tela ya dawo yana haki da leda a hannu, ya tarar da ƙaramar tsaye tana kallon sawun taya a ƙasa. Ba ta yi kuka ba. Sunkuyawa ta yi ta cire takalmanta, ta kakkaɓe su, ta kai ɗaki ta ajiye. Da ma kukan ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Suka sake sabon lale, yanzu babu mai duban agogo. Da ya sauke botar sai ya yi alwala ya yi sallarsa, yana shafa addu'a babbar ta tsoma yatsa ta ƙirga goma. Iyakar jiran ke nan. Ƙwai ya shige sumul, aka zuba fulawa da ɗan gishiri, aka ɗora faranti kan yashi, aka rufe, aka zuba garwashi a bisa murfi. Da aka soka tsinken tsintsiya ya fito da ɗan ɓurɓushi, suka san ya yi. Washegari suka kama hanya a motar haya, canji biyu, ga matsi, ga kwanon kek a cinya, ba su isa ba sai da rana ta take tsaka. Matar ta rungume 'ya'yanta, ta gutsuri kek ta lumshe ido, sannan ta dubi mijin ta ce, "Jiya har zabuwa Inna ta sa aka yanka muku." Tela ya sosa ƙeya, ya shiga yaba kumatun jariri.

Minti goma ya ƙi bayarwa, aka karɓi yini guda a hannunsa, da zabuwa a kai. Shi ya sa Hausawa suka ce sauri ya haifi nawa.