Fenaritin Pantai Dalam

"Ka sayar da mu, Umair," in ji Hambali, yana dukan tebur a mamak, shagon shayi da abinci na unguwar Pantai Dalam. "Kana alƙalin wasa, ɗan gida, ka ba ɗaliban Indonesiya fenariti a kanmu?"

"Hannu ne, lah," in ji Umair, yana kwaikwayon maganar 'yan gari. "Zauna ka sha shayi."

Hambali bai zauna ba, sai huci yake. "Na ɗauki bidiyon wasan daga bakin fili. Kwamitin gasar jami'a zai gani."

Umair ya ajiye kofinsa. "Ba ka ji ni ina gaya wa ɗan wasanmu da Hausa ya koma baya, yana satar gida ba? Malam Abdulbaƙi na cikin kwamitin, kuma yana jin Hausa. In ya ji wannan a bidiyon, an kori ƙungiyarmu."

Hambali ya kalli wayarsa, ya kife ta.

"Hambali, ba ka tura ba dai ko?"