Tambayar da Malamin Kati Ba Ya Yi

"Na gaba!" in ji malamin kati na asibiti, idonsa a kan kwamfuta.

Akwai tambayar da kwamfutar ba ta yarda a tsallake: shin akwai maganin da jikin majiyyaci ba ya so? Shekara shida "babu" yake danna wa kowa. Layi har bakin ƙofa, wa ke da lokacin dogon turanci?

Sai ga nas a guje. "Malam, Innarka aka kawo. Muna yi mata allura numfashi ya ɗauke."

"Wace allura? Ai jikinta ba ya son fenisilin!"

"Mun duba kwamfuta, 'babu' ta ce. Wa ya buɗe mata kati?"

Ya dubi yatsansa. Yana nan a kan maɓallin "babu".