Aljanin Cikin Wayar Liao

Wayar ta sake ƙara da sassafe. Modem ɗin Liao, na'urar da ke haɗa kwamfutarsa da layin waya, ya amsa da ƙugin nan nasa mai tsaga kunne, sai aka kashe.

Wata guda ke nan ana masa haka. Dandalin hirar da ya kafa a kwamfutar ɗakinsa a birnin Taichung layin waya ɗaya gare shi, sai wani ya fita sannan wani ke shiga, ga shi, a ganinsa, wani ɗan hassada na ta kira yana tare wa jama'a hanya. Da aka sake kira, Liao ya riga na'urar ɗauka.

"Ko uban waye kai, zuri'arka ta yanke, kada ka ga jika!"

Ya kife wayar, ya shiga dandali yana cika baki.

Da yamma sai ga mahaifiyarsa daga ƙauye, boka mai korar aljanu na biye da ita.

"Kullum na kira ka, aljani ke min ihu," ta ce. "Yau har magana ya yi. Wai ba zan ga jika ba, alhali kai kaɗai na haifa."

Boka ya leƙa ɗakin, ya nuna kwamfutar. Mahaifiyar ta zaro guduma daga jaka.

"Mama, tsaya ki ji..."

"Matsa, ɗan nan. Dama aljanin nan ne ya hana ka aure."