Taimama a Gonar Miri

Muna gonarmu ta Miri ni da Baba la'asar ta yi. Damina ta yi gardama, dawa duk ta yi yaushi, Inna kuma tana kwance a gida, ko kunu ba ta iya haɗiya. Kwanakin baya na ji Baba yana ce wa Kawu, "Wallahi in na ɗaga hannu, kamar da bango nake magana." Tun ranar nake tsoron kada ya daina sallah, Allah ya yi fushi ya ɗauke mana Inna.

Na jijjiga goran ruwa, babu ko ɗigo. Baba ya zauna a kan kunya, inuwa tana ta tsawo.

Na ce, "Baba, rana fa tana tafiya."

"Na gani, sarkin ladanai."

"Ko in ruga rafi?"

"Rafin da ya ƙafe? Zauna."

Can ya miƙe, ya dafa wani dutse da tafukansa, ya shafi fuska da hannuwa. Har yau ina jin sautin kaushin tafinsa a kan gemu. Ya ce, "Zuciyar ma haka take, ɗan nan, a bushe. Amma ba a fasa sallah don babu ruwa. Da abin da ya samu ake zuwa."

Yanzu na kai shekarunsa, a bana kuma na san irin wannan bushewa. A ranar dai na tsaya a damansa na kasa kunne, sai da na ji ya yi kabbara sannan na saki numfashi.